KU TAMBAYA MU AMSA: Jirgin ruwa mai inji na hannu, mi ake dubawa kafin a biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dafatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Ni ɗan kasuwa ne anan Daura, na daɗe ina sha'awar in mallaki ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai inji saboda yara, in anyi hutun makaranta ko Sallah mu je dam mu ɗan zaga mu dawo. To wani dillali da muke harkar motoci dashi a Legas ya turo mani bidiyon wani jirgi na faiba fari tas, kujeru shidda, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 a bayanshi harda tirelar janshi, yace mai shi zai bar ƙasar ne shiyasa ya karya kuɗin, wai in tura rabi a aje mani kafin wani ya rigani. A bidiyon jirgin na bisa tirela a tsakar gida, suka ja igiya bugu ɗaya injin ya tashi suka yi ta bashi wuta. Mu takwas ne a gidan harda ni da mai ɗakina. Ni dai mota na sani bansan komi ba a harkar jirgi, dan Allah mi ya kamata in duba kafin in biya? Nagode.
Daga Abban Hafsat, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya zuri'a. Kafin komi dan Allah kar ka tura rabin nan, ko kwata, ko sisi. Ba wai nace dillalinka macuci bane, kai ka sanshi ni ban sanshi ba, amma ba a cinikin biri a sama, kuma shi kanshi in mota ya sani to abinda ke lalace a jirgi bazai ganshi ba ko yana tsaye a gabanshi. Jirgi sai an jefa shi ruwa, an ɗora mashi nauyi, an tafi dashi an dawo sannan ake sanin ko na saye ne.

Bidiyon ma da ka bani labari ya ɗaga mani hankali. Kace a tsakar gida suka tada injin suna bashi wuta, to koma ka sake kallo da kyau, ƙafar injin, wato sashen ƙasa mai farfela da ke shiga ruwa, tana cikin duro cike da ruwa ko an jona mata tiyo? In babu ko ɗaya to a gaban idonka suka yi mashi illa. Shi injin jirgi ba lagireto gareshi ba, ruwan da yake ciki shi yake zuƙa ya sanyaya kanshi, kuma abinda ke zuƙo ruwan wata ƴar roba ce mai fukafukai a cikin ƙafar, makanikai na ce mata infela, in ta juya a bushe ko minti ɗaya bata kaiwa take ƙonewa fukafukan su kakkarye. Ita robar ba tsada gareta ba, amma wanda zai tada inji a bushe dan kawai ya ɗau bidiyo ya nuna maka yadda ya saba riƙon injin kenan, kuma in gutsuttsarinta suka shige hanyar ruwa suka toshe, inji yayi zafi ya buga kana tsakiyar dam da yara.

Saboda haka ko kai ka je da kanka ko ka biya kuɗin mota da masauki ka tura makaniken injin jirgi naka, wanda kai ke biyanshi, ba wanda mai jirgin ya kawo ba. Anan Katsina samun irinsu da wuya gaskiya, makaniken babur ko na janareto zai iya wanke maka kafireta amma ƙafar inji aiki ne daban. Gwanayen suna inda ruwa yake, Yauri, Kainji, Lakwaja, ko can Legas ɗin.

In an je, ka kafa sharaɗi kar a taɓa injin kafin ku iso. Ku ɗaga murfin ku ɗora hannu, in da ɗumi to an riga an tada shi dan ya tashi da sauƙi a gabanku, ku zauna ku jira ya huce ko ku dawo da safe. Inji mai lafiya daga sanyi ja biyu ukku ya tashi ya tsaya da kanshi ba sai an riƙe mashi wuta ba. Yana tashi idonka ya koma ƙasan murfin ta baya, akwai ɗan siririn ruwa da yake tsartowa, ƴan jirgi fitsarin inji suke ce mashi, dole ya fito da ƙarfi a miƙe. In yana ɗiga-ɗiga ko ya fito ya ɗauke to akwai magana. Sannan makanike ya kwance fulogi ya sa geji ya auna matsin kowace silinda, wannan shine gwajin da bana yarda a tsallake, dan shi ke faɗin halin fistan da ringi ba tare da an buɗe inji ba. Irin waɗannan injinan yawanci in suna da lafiya zaka ga sun haura 100 a gejin, amma abinda yafi lambar muhimmanci shine su yi kusa da juna, kar bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta bada 120 ɗayar 85, Alhaji ka yi masu sallama, ko kuma ka saya da sanin cewa gawar inji ka saya zaka sake ginata. Ku kalli bakin fulogin ma, in ɗaya yayi fes kamar an wanke shi alhali ɗayan yayi baƙi-baƙi, sau da yawa ruwa ne ke shiga silindar.

Daga nan ku sauko ƙasa wajen farfela. Akwai wani ɗan noti a ƙasan ƙafar, a sassauta shi man giya ya ɗan ɗigo a farar takarda ko murfin roba. Man kirki zaka ganshi garau ko ya ɗan yi duhu, in kau ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara to ruwa na shiga giya, sil, robar da ke tare ruwa, ya mutu, kuma ba wanda ya san tun yaushe haƙoran giyar ke wanka a ciki. Kan notin yawanci akwai maganaɗisu, ɗan laushin garin ƙarfe ba komi bane, amma in kaga ɓarɓashi da zaka iya ji a yatsa giyar na cin kanta. A cire farfelar gaba ɗaya a duba bayanta, zaren fatsa da na raga yakan nannaɗe a wurin ya yanke sil a hankali, kuma wannan zai zama ciwon kanka na kullum in ka kawo jirgin nan dan dam ɗinmu cike suke da ragar masunta. A juya sandar da hannu, in tana rawa ta lanƙwashe, an taɓa dukan dutse ko kututture da ita.

Abinda ƴan arewa ke mantawa kuma shine ruwan Legas da na Warri da Fatakwal akwai gishiri, gishiri kuma cin alminiyon yake daga ciki. Ku duba ko akwai farin gari-gari a gefen notina da inda kan inji ya haɗu da gangar jikinshi, ku gwada kwance noti biyu ukku, in sun cije suna neman karyewa to duk gyaran da za a yi nan gaba sai an haɗa da mai walda. Sabon fenti a jikin tsohon inji ni baya burgeni, tambaya yake sani.

To yanzu jikin jirgin, kuma anan zan daɗe dan anan aka fi cutar mutane. Kai ɗan Daura ne kasan in za a sayi doki ba kwalliyar sirdi ake kallo ba, baki ake buɗewa a duba haƙori a shafa ƙafafu. Farin nan da ka gani yana ƙyalli fatar sama ce kawai, da yawan jiragen faiba musamman tsofaffi akwai katako a cikinsu, a daɓen da ake takawa da kuma bangon baya inda ake ɗaure inji, faiba aka lulluɓe shi da ita. Ruwa in ya samu hanya ta ramin noti ya shiga, katakon ya ruɓe a ciki waje kau yana nan fes. Bangon bayan nan shi ke ɗauke da nauyin inji da duk turin da yake yi, in ya ruɓe to jirgin ya gama yawo sai anyi mashi babban aiki wanda sau da yawa yafi ƙarfin kuɗin jirgin. Gwajin ba wuya, a ɗaga ƙafar injin sama ka kamata da hannu biyu ka danna ƙasa da nauyinka ka ɗaga, wani ya tsugunna ya sa ido a bangon. Kar ya motsa ko kaɗan. Na taɓa raka wani bawan Allah duba jirgi, fenti sabo kujeru sabbi har leda ba a cire ba, ana danna ƙafar injin sai muka ga bangon yana numfashi, ga wani ruwa ja-ja mai warin ruɓa yana tsattsafowa ta gindin notin yana gangarowa bisa farin fentin, mai jirgin yana ta goge shi da tsumma yana cewa ruwan wanki ne. Aka kwance notin guda aka zura waya a ramin, abinda ya biyota kamar jiƙaƙƙen dussa.

Ka samu ƙaramar guduma ta roba ko ƙotar sukudireba ka bi bangon da daɓen kana ƙwanƙwasawa taki-taki, inda ke da lafiya zai baka ƙara mai kaifi, inda ya ruɓe ko faibar ta rabu da katako zaka ji bif-bif. Ka cire takalmi ka taka ko'ina a daɓen, musamman gindin kujeru da kusa da baya, in wuri ya lotsa ƙarƙashin ƙafarka ka sa mashi alama. Ka kwanta ƙasa ka leƙa cikinshi da tocila, ƴan siraran tsagogi a fatar sama ba abin tsoro bane, amma tsaga mai zurfi a kusurwar bangon baya, ko faci babba da launinshi ya bambanta, ko ƙuraje-ƙuraje da suka kumburo a ƙasan jirgin, duk a tambayi labarinsu. A kwance toshiyar da ke can ƙasan baya a ɗaga gaban jirgin, in ruwa yayi ta zuba ba ƙarewa to soson da ke ƙarƙashin daɓe ya sha ruwa, shi kuma soson nan shi ake sa ran zai riƙe jirgi a sama in ya cika da ruwa, in ya jiƙe ya zama kaya.

Sai takardu. In jirgin daga Amurka aka shigo dashi, tun 1972 doka ta sa kowane jirgi yana da lamba mai harafi da adadi 12 a bangon baya ta hannun dama daga sama, a na zamanin nan biyun ƙarshe su ke nuna shekarar samfurin, kaga ba sai ka dogara da bakin dillali ba akan shekarunshi. Injin ma yana da tashi lambar a jikin maƙalar da ake ɗaure shi da ita. In kaga an kankare ko an ɓamɓare farantin kar ka tsaya jin bayani, satar injin jirgi ruwan dare ce a bakin ruwa. A baka rasit na asali da takardar kwastan in shigo dashi akayi, a rubuta takardar ciniki da lambobin nan biyu a ciki da shaidu.

Yanzu maganar da tafi damuna a wasiƙarka, kace kujeru shidda ku kuma takwas ne. Ƙananan jiragen Amurka da basu kai ƙafa 20 ba suna da ɗan faranti kusa da mazaunin direba da aka rubuta mutum nawa da nauyi nawa da inji mai ƙarfin nawa jirgin zai ɗauka, ka nemi farantin nan ka karanta, kuma yaro mutum ne a lissafi, kar ace ai ƙanana ne a ɗora su a cinya. Mu mutanen yankin nan bamu manta da abinda ya faru a Mai'adua ba lokacin ƙaramar Sallah ta 2022, kwale-kwale ya kife da yara ƴan yawon Sallah aka rasa rayuka da yawa, ga na Bagwai a jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021 da ɗaliban Islamiyya, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. In farantin yace shidda to shidda ne, ku riƙa shiga kashi biyu ko ka nemi wanda ya fishi girma.

In duk ya tsallake waɗannan sai a jefa shi ruwa, da mutane adadin da zaka riƙa ɗauka, ba direba shi kaɗai ba. A yi tafiya mai ɗan tsawo har inji yayi zafi sosai, a bashi wuta har ƙarshe a ji ko zai ɗago jirgin ya miƙe ko zai yi ta nishi, a sa giyar gaba da ta baya a ji ko tana shiga ba gurnani, a kashe shi da zafinshi a sake tadawa. Da kun dawo ku leƙa ƙasan daɓe ku ga ruwa nawa ya shigo. Wanda yace ba za a sa jirginshi a ruwa ba sai ka biya, ka bar mashi kayanshi.

Tirelar kuma kar a rainata, daga Legas zuwa Daura ya haura kilomita 1,000, tirelar da ake tsomawa a ruwan gishiri boris ɗinta da tayoyinta ba lallai su kai Ibadan ba, gara a ɗora duka a babbar mota. Kuma tun kafin ka kashe kuɗi ka je dam ɗin da kake nufi, Sabke ne ko Daberam, ka gaida Sarkin Ruwa da masunta ka tambayi hukumar da ke kula da wurin ko an yarda a sa jirgi mai inji, ka tambayi inda kututture da duwatsu suke da yadda ruwan ke ja baya daga Maris zuwa Mayu. Hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja ita ke da alhakin rajistar jiragen ruwan cikin gida, ita ma a tuntuɓeta.

TAMBAYA: Salam Malam. Maigidana ya samu wani jirgi ɗan Amurka a hannun abokinshi, shi injinshi a ciki yake kamar na mota ba a waje ba, yace yafi kyau yafi shiru. Ni dai tsorona yara, ba wanda ya iya ruwa a cikinsu. Ya kake gani?
Daga Maman Sadik, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Hajiya tsoronki na kan hanya. Gaskiya ne irin wannan yafi shiru yafi daɗin zama, amma ki faɗa ma maigida a duba abu biyu. Inda ƙafar ta ratsa bangon baya akwai wata roba mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke hana ruwa shiga, in ta tsufa ta tsage jirgi na iya nutsewa yana tsaye a bakin gaɓa, ranar Katsina kau bata barin roba. Na biyu, a ƙasashen sanyi in aka bar ruwa a cikin inji ya daskare yakan fasa gangar injin, sai a lallaɓa a sayar, saboda haka a zaro sandar auna baƙin mai bayan an yi tafiya dashi a ruwa, in man yayi fari-fari a haƙura. Ga kuma wahalar kayan gyaran irin waɗannan injinan kamar MerCruiser ko Volvo Penta, abu kaɗan sai an aika Legas ko waje, shi kau injin waje mutum biyu ukku zasu kwance shi a sa a bayan mota a kai ma makanike. Ni in ni ke zaɓa ma gidan da ke Katsina, na waje zan zaɓa. Kuma mai injin ciki dole a kunna fankar da ke fitar da tururin fetur na ƴan mintuna kafin a tada shi, a tabbatar tana aiki, dan tururin in ya taru a rufe tartsatsi ɗaya ya isa.

Maganar yara kuma ki tsaya kai da fata, kowane yaro da rigar ruwa daidai jikinshi, ta yara daban take da ta manya, ƙananan a samo masu mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ki gwada a gida, ki ɗaura mashi ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga, in ta haura kunnuwanshi tayi mashi yawa zai zame daga ciki. A jiki ake sata tun daga bakin gaɓa, ba a aje ƙarƙashin kujera ba, harda ke da maigidan. Akwai kuma wata jar igiya da direba ke ɗaurawa a hannu ko a ƙafa, in ya faɗa ruwa ta fizge inji ya mutu nan take, in babu ita a jirgin a sayo kafin fita ta farko. Kuma rana na yin sanyi ku fito, kar magariba ta iske ku a ruwa.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni kwale-kwalen katako gareni a dam ɗin Zobe, inji kawai nake son saye na hannu mai doki 15. Kowanne zai hau?
Daga wani matashi, Dutsin-ma.

AMSA: Yauwa ƙanena, a'a ba kowanne ba. Ka auna tsawon bangon bayan kwale-kwalenka daga sama zuwa ƙasa tukunna, injinan nan akwai mai gajerar ƙafa na bango mai inci 15 akwai mai doguwa na inci 20, faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela shi ake so ya zo daidai da ƙasan jirgi. In ƙafar ta gaza farfela zata riƙa shan iska inji na ihu ba tafiya ga ƙarancin ruwan sanyaya shi, in tayi tsawo kuma ka yi ta dukan ƙasa in ruwa ya ja baya. Duk gwajin da na faɗa ma Alhaji na Daura a sama ka yi shi, matsin silinda da man giya da fitsarin inji. Ka tambayi mai shi yadda yake haɗa mai, in irin wanda ake zuba ma baƙin mai a fetur ne yawancinsu 50 da 1 ne, wato rabin lita na man a lita 25 na fetur, kuma man injin jirgi ake so ba kowane baƙin mai na bakin titi ba. In yace da ido yake zubawa to ka sa a leƙa silindar ta ramin fulogi kafin ku yi maganar kuɗi. Sannan ka ƙara katako mai kauri a bangon ta ciki da waje inda maƙalar zata cije, ka ɗaure injin da sarƙa ko igiya mai ƙarfi a jikin kwale-kwalen, dan notinan hannun nan suna sassautawa da girgiza, kuma kar ka aje filafilinka a gida dan ka samu inji.